Jinin Dokinka: Yadda A Ke Auna Daskarewarsa

Mai gida, in kana da doki, ko goɗiya, ko kuru a turke, wannan takarda taka ce. Ka kan kula da harawarsa da dusarsa da kanwarsa, ka duba kofatonsa, ka share masa barga. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani abu cikin jikinsa wanda ido ba ya gani, shi ne ko jininsa yana daskarewa a kan kari. Dokin da jininsa ba ya daskarewa, ƙaramin rauni kamar na fiɗiya ya isa ya kashe shi cikin dare guda. Likitocin dabbobi suna da hanyar auna wannan abu, ba ta da tsada, ba ta kuma ɗaukar lokaci. Ka karanta a hankali, don ka san ran da za ka nemi a yi wa dokinka awon, da irin taimakon da za ka ba likita in ya zo.

YADDA JINI YA KE DASKAREWA

Dokin da nauyinsa ya kai kilo 300 yana da jini wajen lita 24, watau kusan cikin jarka babba. In ya zubar da lita ɗaya ko biyu, jikinsa zai mayar. In kuwa abin da ya zuba ya kai kashi ɗaya cikin uku, ransa yana cikin hatsari ƙwarai.

Sa'ad da jijiya ta yanke, jiki ya kan yi aiki uku bi da bi. Da fari jijiyar ta kan tsuke bakinta. Sa'an nan waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke yawo cikin jini su taru a bakin raunin, su manne da juna su toshe shi. A nan za mu kira su 'yan toshe. Cikin ɓargo a ke yinsu. Daga nan sai waɗansu sinadarai da ke narke cikin ruwan jini su tashi, wannan ya ta da wannan, har su saƙa zare siriri kamar taru, ya kama ƙwayoyin jini ya ɗaure. Shi ne gudan jinin da ka ke gani a kan rauni.

Yawancin sinadaran nan hanta ce ke yinsu, huɗu daga cikinsu kuwa ba su yin aiki sai da wani abu da a ke kira bitamin K. Doki yana samunsa daga ɗanyar ciyawa, da kuma daga ƙwayoyin da ke zaune cikin hanjinsa. Ka ga ke nan, in 'yan toshe sun yi kaɗan, ko hanta ta lalace, ko wani abu ya hana bitamin K aiki, sai jini ya yi ta zuba kamar ruwa daga fasasshen tulu.

ALAMUN DA ZA KA LURA DA SU

Ka nemi likitan dabbobi nan da nan in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ƙaramin rauni yana ta ɗigar da jini har ya wuce minti 15.
2. Wurin da aka yi allura ya kumbura, ko jini yana tsattsafowa daga ciki.
3. Haɓo alhali dokin yana tsaye a turke, bai yi sukuwa ba.
4. Jajayen ɗige-ɗige kamar cizon ƙuma a dasashi, ko cikin hanci, ko cikin fatar ido.
5. Kumburi mai taushi a ƙarƙashin fata, ko gaɓa ta kumbura ba tare da an buge shi ba.
6. Jini cikin fitsari, ko kashi baƙi ƙirin.
7. Cibiyar dukushi ta ƙi barin zubar jini bayan haihuwa.

Wani lokaci jinin yana zuba cikin ciki ko ƙirji, ba ka ganin ko ɗigo a waje. To, sai ka ɗaga leɓensa na sama ka duba dasashi. Na lafiyayye jaja-jaja ne, yana da danshi. Ka danna da yatsa ka saki, launin zai komo kafin sakan 2. In dasashi ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa. Ka kuma taɓa jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi ka ƙirga bugunta da agogo. Dokin da ke hutawa ta kan buga sau 28 zuwa 44 a minti. In ta wuce 60, ga dasashi fari, ga gumi, ga haki, kada ka jira gari ya waye.

Ban da wannan, yana da kyau a yi awon kafin a fiɗiye doki ko a yi masa wani aiki na yanka, in dai ya taɓa yin doguwar zubar jini, ko yana fama da shawara, ko ana zaton ya ci guba. Rigakafi ya fi magani.

AWON KWALBA

Wannan shi ne awon da a ke iya yi a gindin turke. Likitoci biyu na Amurka, Lee da White, su suka tsara shi a shekarar 1913 saboda mutane, daga baya aka riƙa yi wa dabbobi. Kayan aikinsa kaɗan ne: sabuwar allura da sirinji, da 'yan kwalabe na gilas sababbi busassu, da agogo.

Ga yadda likita zai yi. Zai goge gefen wuyan dokin, ya danne babbar jijiyar wuya da yatsa har ta cika, ya soka allura sau ɗaya ya jawo jini. Da jini ya fara shiga sirinji sai a fara ƙirgan lokaci. Zai zare allurar daga bakin sirinji, ya tsiyaya jinin a hankali ta jikin kwalba don kada ya yi kumfa. Abin da a ke zubawa a kowace kwalba bai kai rabin cokalin shayi ba. Sai a riƙe kwalbar a tafin hannu ko a tsoma gindinta cikin ruwa mai ɗumin jiki. Duk bayan rabin minti ya ɗan karkata ta ya duba. Sa'ad da aka iya kife kwalbar jinin bai gangaro ba, ya daskare ke nan, sai a rubuta mintocin da ya ɗauka.

Jinin doki ya fi na sa da na tunkiya da na kare jinkirin daskarewa. Galibi na lafiyayye ya kan daskare tsakanin minti 4 da minti 15. Da ya ke tazarar tana da faɗi, likita mai lura ya kan ɗebi jinin wani lafiyayyen doki a sa'a guda, ya ajiye kwalaben biyu gefe da gefe. In na lafiyayye ya daskare a minti 10, na marar lafiya kuwa har rabin sa'a yana nan ruwa, babu sauran shakka. Saboda haka in likita zai zo, ka roƙi maƙwabcinka ya kawo dokinsa. Abin da za a ɗiba daga jikinsa ba zai rage shi da kome ba.

Akwai wani hali na jinin doki da kan ruɗi wanda bai sani ba. Jajayen ƙwayoyinsa suna saurin kwantawa. Cikin 'yan mintoci za ka ga kwalbar ta rabu biyu, ja a ƙasa, ruwa rawaya a sama. Wannan ba ciwo ba ne, ba kuma shi ne daskarewa ba. Sai an karkata kwalba a ke sanin gaskiya.

Bayan jini ya daskare likita ya kan ajiye kwalbar ya sake dubawa bayan sa'a ɗaya ko biyu. Gudan jini mai kyau ya kan tsuke ya fid da ruwa. In ya ƙi tsukewa, ana zaton 'yan toshe sun yi kaɗan. In kuwa ya narke ya koma ruwa, alama ce ta ciwo mai tsanani.

ABUBUWAN DA KE ƁATA AWO

Awon nan yana da sauƙi, amma ƙaramin kuskure ya kan sa ya yi ƙarya.

Tilas kwalba ta zama ta gilas. Taɓa gilas ɗin shi ke ta da sinadaran daskarewa. In an zuba jini a roba, ko an bar shi cikin sirinji, sai ya daɗe bai daskare ba ko da dokin lafiya lau ya ke.

Kada a yi da kwalbar da aka wanke da sabulu ko omo, ko mai danshi. Ragowar sabulu tana hana jini kamawa.

Sanyi yana jinkirta daskarewa. Da asubar hunturu, in ba a ɗumama kwalba ba, lissafi zai wuce kima.

In aka yi ta sukar wuya ana neman jijiya, ruwan nama ya kan gauraya da jinin ya sa shi saurin kamawa, sai a ɗauka lafiya ce alhali ba haka ba ne. Don haka aikinka shi ne ka riƙe dokin sosai, a inuwa, ka kori yara da karnuka, ka riƙa shafa shi kana yi masa magana. Bayan an zare allura ka danne wurin da auduga har minti 5.

Ka kuma san wannan: awon kwalba ba ya nuna ciwo sai sinadaran sun ragu ƙwarai. Jini yana iya daskarewa a kan kari alhali ciwo ya fara. In likita ya ce zai aika da jinin gaba, kada ka ce ɓarnar kuɗi ce.

SAURAN AWO BIYU

Na ɗaya shi ne awon tsayawar jini. A kan aske gashi kaɗan a ƙafar gaba, a yi 'yar tsaga da wani ƙarfe na musamman mai yanka daidai gwargwado. Duk rabin minti a tsotse ɗigon da takarda ba tare da an taɓa raunin ba. Na lafiyayye ya kan tsaya tsakanin minti 2 da minti 6. Wannan awo aikin 'yan toshe ya ke nunawa. Kada ka gwada shi da aska ko reza, don ba za ka san zurfin yankan ba.

Na biyu a ɗakin awo a ke yinsa, a manyan asibitocin dabbobi kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ana zuba jini cikin kwalba mai shuɗin murfi wadda ke da maganin hana daskarewa, kashi 9 jini, kashi 1 magani. A sa ta a sanyi, a kai cikin 'yan sa'o'i. A can su kan raba ruwan jinin, su zuba masa abin da zai sa shi kamawa, na'ura ta ƙirga lokaci da sakan. Awon iri biyu ne, likitoci suna kiransu PT da APTT. In an haɗa sakamakonsu a kan gane wane sinadari ne ya gaza. Akwai kuma kwalba mai murfi launin ja da shuɗi a gauraye, wadda a ke ƙirga 'yan toshe da ita.

ABIN DA KE HANA JININ DOKI DASKAREWA

Maganin ɓera. Yawancin wanda a ke sayarwa a kasuwa, mai kama da hatsi ko ƙulli mai launi, aikinsa shi ne ya hana bitamin K aiki. Asalinsa abin lura ne. Cikin shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a Amurka da Kanada, musamman bayan an fiɗiye su ko an yanke musu ƙaho. Aka gano busasshiyar ciyawa ce da ta yi fumfuna su ke ci. Wani masani mai suna Karl Link, na Jami'ar Wisconsin, shi da abokan aikinsa suka fid da gubar daga ciyawar, a shekarar 1948 kuma aka fito da wani irinta mai suna warfarin don kashe ɓeraye. Abin da ya sa gubar nan ke da ruɗi, doki ya kan ci yau ya wuni lafiya, sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini ya ɓalle, sa'ad da sinadaran da ke jikinsa suka ƙare. Maganinta bitamin K1 ne, irin gubar zamani kuwa sai an yi makonni ana bayarwa. Kada ka sayi allurar bitamin K a kemis ka yi da kanka, gama akwai wani iri mai suna K3 wanda ke lalata ƙodar doki. Ka adana takardar gubar ka nuna wa likita, don ba duk maganin ɓera ne iri ɗaya ba.

Saran kububuwa. Macijiyar nan da waɗansu ke kira gobe da nisa tana da yawa a ƙasar Kaltungo, da kwarin Binuwai, da kudancin Filato. Dafinta ya kan sa jini ya ƙarar da sinadaransa duka a banza, har ba sauran abin da zai toshe rauni. Doki a hanci ko a ƙafa ta kan sare shi wajen kiwo. Na hanci ya fi muni, domin doki ba ya iya numfashi ta baki, in hanci ya kumbura ya toshe sai ya shaƙe.

Ciwon hanta. Gyaɗa ko masara ko dusa da suka yi fumfuna suna lalata hanta, haka kuma 'ya'yan rai-ɗore in sun gauraya da hatsi. Alamunsa su ne rama, da shawara a ido, da yawan hamma, da jingina kai da bango. Ka tankaɗe hatsin doki, ka ajiye harawa a bisa inda ruwa ba ya taɓa ta.

Ciwo mai tsanani. Mugun ciwon ciki, ko zawo mai ƙarfi, ko mahaifa da ta maƙale wa goɗiya, su kan rikita jini, ya yi ta daskarewa cikin ƙananan jijiyoyi har kayan aikin su ƙare. Goɗiyar da ta wuce sa'a 3 ba ta yar da mahaifa ba, a kira likita.

Gado. Jefi-jefi a kan haifi dukushi namiji da rashin sinadari guda. Ta wajen uwa ya ke gado, ita kuwa ba a ganin kome a jikinta. In awo ya tabbatar, kada a sake yi wa goɗiyar nan barbara.

Magunguna. Asfirin yana rage ƙarfin 'yan toshe har kwanaki. Ka faɗa wa likita duk abin da ka ba dokin, na asibiti da na gargajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba kowace zubar jini ce ke nuna jini ya lalace ba. Dokin da ya yi haɓo bayan sukuwa mai tsanani, galibi daga huhu ne, awo kuma zai fito daidai, hutu ya ke bukata. Wanda ke haɓo a kai a kai yana tsaye, mai yiwuwa fumfuna ce ke cin babbar jijiya a bayan maƙogwaro, wannan kuwa yana iya ɓallewa gaba ɗaya ran da ba a zata ba. Awo shi ke raba wannan da wancan.

KAFIN LIKITA YA ISO

Ka ninka tsumma mai tsabta ka danne raunin da ƙarfi minti 10 cur, kada ka ɗaga don ka leƙa. In ya jiƙe, ka ɗora wani a kansa, ka naɗe. Ka ɗaure dokin a inuwa, ka ajiye masa ruwa. Kada ka hau shi zuwa gari, gudu yana ƙara zubar jini, yana kuma yaɗa dafi.

Kada ka zuba kashin shanu, ko ƙasa, ko toka, ko baƙin mai a rauni. Ta nan ciwon sandarewar jiki ke shiga, doki kuwa yana cikin dabbobin da ya fi kashewa. Kada a yi masa tsaga, ko sakiya, ko ƙaho. Kumburin da ka ke gani jini ne a ciki, in an huda shi an buɗe wa ajali ƙofa.

Bayan fiɗiya, ɗigon da ka ke iya ƙirgawa ɗaya-ɗaya na ɗan lokaci ba kome ba ne. In ya zama zare yana zuba ba yankewa har minti 15, a komo da likita.

MUSHEN DA JININSA BAI DASKARE BA

In doki, ko jaki, ko saniya ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ka ga baƙin jini yana fita ta hanci ko baki ko dubura bai daskare ba, ka ja da baya. Mai yiwuwa ciwon saifa ne, wanda likitoci ke kira antaraks, yana kuwa kama mutane ya kashe. A shekarar 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja, cikin Jihar Neja. Kada a feɗe, kada a ci, kada a sayar da fatar. In an buɗe gawar, ƙwayar ciwon ta kan shiga ƙasa ta zauna shekara da shekaru. Ka rufe mushen, ka hana yara da karnuka zuwa, ka sanar da mai unguwa da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

MUTANEN GIDA

Abin da ke ɓata jinin doki yana ɓata na mutum. Ka ajiye maganin ɓera inda yaro da kaji da dabba ba su kai, kada kuma ka zuba shi kusa da buhun dusa. Yaron da ya ci, a kai shi asibiti ran nan tare da takardar gubar, ko da yana wasa.

Wanda maciji ya sara, a asibiti irin awon kwalban nan a ke yi masa. A zuba jininsa cikin sabuwar kwalbar gilas, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sa'an nan a karkata sau ɗaya. In bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai a yi masa allurar kashe dafi, a sake awo bayan sa'a 6. Aikin da Dokta David Warrell da abokansa suka yi a arewacin Nijeriya cikin shekarun 1970, suna Zariya, yana cikin abin da ya kafa wannan hanya, yanzu kuwa ana bin ta a ƙasashe da yawa. A Kaltungo, cikin Jihar Gwambe, akwai asibiti na musamman don saran maciji. Yawancin allurar kashe dafi ta duniya daga jinin dawaki a ke yinta: a riƙa ba doki dafi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya yi makari, sa'an nan a tace makarin daga ruwan jininsa. Ka ga dabbar da ta cancanci a kula da nata jinin.

ABIN TUNAWA

1. Ka riƙa duba dasashin dokinka tun yana lafiya, don ka gane ran da ya sake.
2. Jinin da ya wuce minti 15 yana zuba, a kira likita.
3. Kwalbar awo ta gilas ce, sabuwa, busasshiya.
4. Ka tanadi lafiyayyen doki don a kwatanta.
5. Ka danne rauni, kada ka tsaga, kada ka zuba ƙazanta.
6. Mushen da jininsa bai daskare ba, ba a feɗe shi.

In ka gama karantawa, ka karanta wa yaron bargarka da maƙwabtanka masu dawaki, sa'an nan ka adana takardar inda za ka same ta da sauri.